Tankin Mai Ba Ya Ƙaryata Layar Zana

A kafafen yaɗa labarai na Hausa akan kira jiragen yaƙin Amurka irin su F-22 da F-35 "masu layar zana". Fassarar ta yi daɗi a kunne, sai dai ta sa mutane da dama suna zaton jirgin ɓacewa yake yi ɓat. Shi ya sa da zarar hoton F-22 ya fito ɗauke da tankunan mai biyu a ƙarƙashin fukafukansa, sai ka ji ana cewa ashe duk cika baki ne. Ni kam ban yarda da wannan hukunci ba.

Na'urar rada, wadda ake hango jirage da ita, ba ido gare ta ba. Saƙon rediyo take harbawa sama ta saurari abin da zai dawo, tamkar mai kira a gindin dutse yana jiran amsa-kuwwa. Don haka aka karkata kusurwoyin jikin jirgin yadda amsar za ta baje gefe, aka shafe shi da sinadarin da ke shanye saƙon, aka kuma cusa makamai da mai a cikinsa. Shi kuwa tankin waje mulmulalle ne, kuma ƙarfen da ke riƙe shi yana haɗuwa da fiffike ya yi lungu, lungun nan kuwa shi ke mayar wa rada saƙonta kai tsaye. Babu musu, tanki yana tona asirin jirgi.

To amma yaushe ake ɗaura shi? F-22 kan ɗauki tanki biyu, kowanne galan 600, idan zai yi doguwar tafiya ko zai tari jiragen Rasha samfurin Tu-95 a kusa da Alaska. A irin wannan aiki so ake a gan shi. Hasali ma, a lokacin zaman lafiya da gangan ake maƙala wa jiragen nan wasu ƙananan na'urori masu ƙara amsar rada, domin masu kula da zirga-zirgar jirage su gan su, abokan gaba kuma su kasa auna ainihin girmansu a rada. In yaƙi ya zo, matuƙi na iya yar da tankunan kafin ya shiga inda ake sa ido.

Abin da masu dariya ba su duba ba shi ne nisa. F-35A da man cikinsa kaɗai bai wuce ya je wajen kilomita 1,200 ya dawo ba, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba a tekun Fasifik. In babu tanki, dole ya jingina da jirgin dakon mai irin KC-135, wanda ya fara aiki tun 1957, ƙato ne kuma da rada ke hangowa tun daga nesa. A kakkaɓo wannan ɗaya, masu layar duk sai su rasa man komawa gida. A ganina tankin da za a iya yarwa ya fi wannan dogaro sauƙin haɗari.

Mu ɗaliban harshe kuwa, da mun riƙa cewa "mai wuyar gani a rada" da mun fi kusa da gaskiya. Jirgin F-117 da sojojin Sabiya suka harbo a watan Maris na 1999, da tsohon makamin Tarayyar Sobiyat, ko tanki ɗaya babu a jikinsa.