Kibiya ta biyu

Na san idan kuka ji zancen yau wasu za su ce Malam ya fara sakin layi, amma ku bari in kai aya tukuna.

Kakana ya zo Kafanchan ne zamanin da aka shimfiɗa layin dogo, a nan aka binne cibiyar mahaifina da tawa, amma duk ranar da rigima ta tashi sunanmu baƙi. Na ga ta Maris 1987 da ta faro daga Kwalejin Ilimi, na ga ta 1999, sai ta Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, wadda ta cinye kasuwa har da shagona na atamfa. Dukiya kam Allah ya mayar da abin da ya sawwaƙa. Abin da ya ƙi tafiya shi ne tuƙuƙin da ke ƙirjina. Shekara da shekaru, da na ji ƙaurin hayaƙi, ko na shara ne, sai gabana ya hau faɗuwa, in koma gida in sauke haushin a kan iyali.

Kowa cewa yake a yi haƙuri. Na yi. Sai dai haƙurin da muka iya haɗiyewa ne kawai, kuma abin da aka haɗiye bai narke ba yana nan yana jiran rana.

Ɗan ƙanena da ya yi karatu a Indiya shi ya ce mini wata rana, "Baffa, mabiya addinin Buda suna da wani misali na kibiya biyu. Ta farko ita ce musibar da ta same ka, ta biyu kuwa kai kake harbin kanka da ita kullum da tunani." Ya koya mini yadda suke yi. Ka zauna shiru minti goma, hankalinka a kan numfashi, shigarsa da fitarsa ta hanci. Idan fushi ya taso kada ka kore shi, kada kuma ka bi labarin wane ya yi mini kaza. Ka ce a ranka ga fushi nan, ka duba inda yake a jikinka, wuya ne ko ciki, ka zuba masa ido har ya sassauta, sannan ka koma kan numfashi. Ya ce a 1994 fursunoni kusan 1,000 sun yi irin wannan zama na kwana goma a kurkukun Tihar da ke Delhi, ƙarƙashin wani malami mai suna Goenka.

Da farko na ƙi, ina tsoron shirka. Da na duba sai na ga ba sujada a ciki, ba kiran sunan kowa, numfashin kuma Allah ne ya ba ni abina. Mu ma ai an koya mana idan fushi ya zo kana tsaye ka zauna, ka yi shiru, ka yi alwala. Abin da na ara daga wajensu shi ne yadda mutum zai riƙe hankalinsa bayan ya zauna ɗin, don nan ne akasarinmu muke faɗuwa: jiki a zaune, zuciya tana can tana ƙirga shagunan da aka ƙone.

Zaman shiru ba ya biyan diyya, ba ya kama mai laifi, kada wani ya ce na ce haka. A 2016 al'ummomi 29 sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, abu ne mai kyau, amma waɗanda suka sa hannun kowa ya koma gida da ƙirjinsa.

Makon jiya bayan sallar isha'i autana ya tambaye ni su wa suka ƙone shagon. Na ji abin ya taso har maƙogwaro. Na ja numfashi uku, na ba shi labarin yadda aka yi ban ɗora wa wata ƙabila ba, na kuma gaya masa wadda ta ɓoye kakarsa kwana biyu a ɗakinta maƙwabciyarmu ce, 'yar Bajju. Ya ce, "Baba, tana nan?" Na ce tana nan, ran Lahadi idan ta taso daga coci za mu je mu gaishe ta.