Allurar da ba ta son sanyi

'Yan uwa, hunturu ya kama, kuma tsohuwar motata ta dizal ta fara halinta. Da asuba in na tayar da ita a Damagaram za ni Agadas, allurar agogon da ke ƙirga juyin inji sai ta kwanta kamar mai zazzaɓi. Inji na ruri, ita tana rarrafe a ƙasa da 500, alhali ko mota na tsaye wajen 750 ya kamata ta nuna. Sai mun wuce Tanut, rana ta ɗaga, take miƙewa.

Wani makanike ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, agogon ya mutu, kawo jaka talatin in sa maka wani." Saura kaɗan in biya. Yaron motata ne ya ce, "Baba, ba ka jin kukan da take yi da safe?" Ina ji mana, cuwiii, na ɗauka tsufa ne kawai.

Ashe bel ne. A yawancin tsofaffin motocin dizal, agogon nan daga altaneta yake samun labari, wato na'urar da ke cajin batir. Da sanyi robar bel kan sandare, batir ya sha wahalar tayar da inji yana neman caji, altaneta ta yi nauyi, bel ya riƙa sulɓewa. Allura gaskiyar abin da ta ji take faɗa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne, a motata bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa. Da na sauya agogo na kama hanya, ya tsinke tsakanin Tanut da Adarbisinat, da inji ya yi zafi a inda babu ko inuwa, ga kayan mutane na bashi a baya.

Gwajin ba wuya. Kashe mota, danna tsakiyar bel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, a ɗaure shi. In ya tsattsage ko yana sheƙi, a sauya. Daga nan a duba wayar bayan altaneta da wadda ke ɗaure a jikin mota, a kankare tsatsa, a matse.

In duk wannan lafiya lau ne amma allura ba ta tashi sai cikin mota ya ɗumama, to laifin na agogon ne: ƙura da tsohon mai sun daskare a gindin allura, ko dalma ta tsage a allonsa. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, ba na mai guduma ba. Kuma don Allah a bar dukan gilashin da hannu, ni ma na yi, bai gyara komai ba.

Bel biyu na saya, ɗaya na ƙarƙashin kujera. Yaron kuwa ya ci tukuicinsa, har yanzu yana min gori.