BUSA BA ƘARFI BA CE: KIRA GA MASU KOYAR DA KAKAKI DA BIGILA

Mai karatu, duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandal, ƙofar fadar Mai Martaba Shehun Borno, ranar hawan Sallah, ya san yadda tsikar jiki ke tashi idan kakaki ya yi kira, algaita ta amsa. Sai dai ba kasafai muke duban mabushin kansa ba. Ka lura da shi wata rana: dattijo ne sau da yawa, kafaɗunsa a sake, wuyansa ba jijiya a miƙe, amma sautinsa ya cika fili. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina yadda ake koya wa yaranmu busa a yau ya saɓa wa abin da wannan dattijo ke yi.

Kwanakin baya na bi ta filin wata makaranta a nan Maiduguri, na iske 'yan badujala suna gwajin faretin ranar yara ta 27 ga watan Mayu. Wani yaro da bai wuce shekara 12 ba yana riƙe da bigila, malaminsa na tsaye a kansa da tsumagiya yana daka masa tsawa: “Ƙara ƙarfi! Ba ka ci abinci ba ne?” Yaron ya danna bakin bigila a leɓensa, idanunsa suka yi jajir, abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya ba. Da aka tashi na tambaye shi, sai ya ce, “Yaya, bakina ciwo yake yi, ni gobe ba zan zo ba.” Yaron ba malalaci ba ne. An koya masa kishiyar abin da busa take buƙata.

Bari mu fara da yadda sautin ke samuwa. A kakaki da bigila da ƙahon Turawa, ba ƙarfen ne ke yin kuka ba, leɓɓan mabushi ne. Iska na ratsa tsakaninsu, sai su yi ta karkarwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, shi kuma bututun ya ɗauki wannan karkarwa ya ƙara mata amo. To, naman da aka matse ba ya karkarwa. Idan yaro ya danna ƙarfe a leɓensa, ya tare jini, leɓe ya kumbura, sauti ya shaƙe. Idan kuma tsoro ya kama shi, maƙogwaro kan tsuke, kafaɗu su ɗaga, numfashi ya tsaya a ƙirji. Ke nan tsumagiyar malam ita ce ke toshe sautin da malam yake nema. Ko manyan gwanaye ba su tsira daga wannan illa ba. Louis Armstrong na Amurka, wanda ya rasu a 1971, ya sha fama da tsagewar leɓe saboda yawan dannawa, har ta kai shi ga ajiye ƙahonsa na tsawon watanni a shekarun 1930.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwansa da tsaki kuwa. Kakaki tsohon kayan sarauta ne. Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. A nan Borno ma, Baturen nan Dixon Denham, da ya iso Kukawa a 1823, ya ba da labarin dogayen ƙahonin itace da ake busa wa Mai, waɗanda alama ce ta sarauta. Sannan kakaki magana yake yi. Da muryoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, mabushi ke kwaikwayon karin sautin harshe, har mai sauraro ya tsinci kirarin sarki a ciki. Mu da muka karanta karin sauti a aji mun san cewa idan kari ya kauce, ma'ana ta kauce. Mabushin da sautinsa ke tsinkewa kamar mai kirari ne da in'ina. Don haka tsabtar sauti a wurinmu batu ne na adabin baka.

Na san malaman busa suna da hujjarsu. Za su ce, “Mu ma haka aka koya mana, ga shi kuwa mun iya.” Gaskiya ne, amma a ƙirga waɗanda aka fara tare da su, nawa ne suka gudu? Waɗanda suka dawwama, da ka duba, za ka tarar sun gano sakin jiki da kansu bayan shekaru, ba don bulala ba. Wasu kuma za su nuna mai algaita su ce, ga kumatu kamar za su fashe, in ba ƙarfi ba mene ne? Wannan dabara ce. Kumatunsa salka ce ta ajiyar iska: yana matso ta daga baki a daidai lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, shi ya sa sautinsa ba ya yankewa. Kuma a algaita ɗan karan da ke cikin baki ne ke karkarwa, ba leɓe ba. Wanda ya ɗaure jikinsa ba zai taɓa iya wannan numfashi ba.

To, mene ne abin yi? Ga shawarwarina. Na farko, a fara da numfashi tun kafin a miƙa wa yaro ƙarfe: ya tsaya daidai, ya shaƙi iska kamar mai hamma har cikinsa ya buɗe, ya sake ta a hankali kamar mai huce koko. Na biyu, ya haɗa leɓɓansa kamar zai furta harafin “m”, ya bar iska ta kaɗa su, ba tare da ya yage baki ba. Na uku, a makonnin farko a bar shi a kan murya ɗaya, ta ƙasa, ya riƙa jan ta a tsanake. Tsawa da muryar sama su zo daga baya. Na huɗu, malam ya busa, yaro ya saurara, sannan ya maimaita, domin kunne ne ke jan baki, kamar yadda muka koyi harshen uwa. Na biyar, gwajin minti 10 zuwa 15 tare da hutu ya fi na awa biyu a cikin ranar Maiduguri. Lokacin hunturu kuma a kula da fashewar leɓe, a sha ruwa, a shafa man kaɗanya, in ya tsage a huta. Na ƙarshe, a ajiye tsumagiya.

Mai karatu, tun daga 2009 garin nan ya ga jarrabawa iri-iri, kuma sana'o'in gado irin wannan sun ji jiki, don sai da kwanciyar hankali ake taro, sai da taro ake busa. Duk yaron da ya ajiye ƙaho saboda ciwon baki da tsoron malam, an yi asarar magaji guda. Ina kira ga shugabannin makarantu da su ja hankalin masu horar da 'yan badujala. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin kammala karatu da su je wurin mabusan fada, a Borno da Kano da Katsina da Zazzau, su zauna da Sarkin Busa da yaransa, su naɗi muryoyinsu, su rubuta yadda suke koyar da 'ya'yansu tun dattawan suna raye.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba su ce a karya shi ba. Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.