Ana Lura da Cajin Waya, an Manta da Man Birki

A Mazanya da sauran garuruwan Jibia da ke bakin iyakar Nijar, babur shi ne ƙafar matashi. Da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake ɗaukar fasinja da kaya a hanyar Magama zuwa Ɗan Issa. Yawancin baburan yankin, irin su Bajaj Boxer, birkinsu na waya ne. Amma masu birkin diski suna ƙaruwa, kuma nasu birkin da mai yake aiki. Nan ne sakaci ya yi yawa.

Matashin da ba ya bari cajin wayarsa ya sauka ƙasa da kashi 20 sai ya shekara uku bai buɗe murfin man birkinsa ba. Alhali man birki na DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 155. Babur mai nauyin kaya, cikin zafin watan Afrilu, ana ta taka birki, man na iya tafasa. Sai hannun birki ya yi laushi ya taɓo sitiyari, babur kuwa bai tsaya ba.

Shi ya sa kamfanonin babur da yawa ke cewa a canza man duk shekara biyu. Mai da ya yi baƙi, ko tiyo da ya tsattsage, alama ce ta zuwa wurin bakanike ya zuba sabo ya fitar da iska.

Kuskure mafi muni shi ne zuba baƙin mai a madadinsa, domin yana kumbura robobin ciki har birki ya mutu. Irin man da ya dace yana rubuce a kan murfi. Haka ma baburan da kulocinsu ke aiki da mai: wasu na DOT suke sha, wasu wani daban, kuma ba a haɗa su.

Masu cewa babu kuɗi suna da hujja, domin rayuwa ta yi tsada. Sai dai kwalbar man birki ba ta kai kuɗin canza gilashin waya ba. Wayar da ke aljihu ma tana iya taimakawa: a ɗauki hoton murfin kafin a je shago, a kuma sa ranar canji na gaba a kalanda.