Zangon Zafi da Ɗan Talaka a Jami'ar Ainu Shams

Tun 1962, zamanin Jamal Abdul Nasir, karatun jami'a ya zama kyauta a Masar. Amma a Jami'ar Ainu Shams ta Alƙahira, darussan zangon zafi sai da kuɗi. Ɗan mai hali in ya faɗi darasi, sai ya biya ya rama kafin hutu ya ƙare. Ɗan talaka kuwa sai jira, wani lokaci har shekara guda. Jami'ar tana da asusun tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Kamata ya yi kuɗin wannan zango ya kasance kan gaba cikin abin da asusun ke biya, a kuma duba halin gidansu ɗalibi maimakon makinsa, tun da wanda ya faɗi shi ya fi bukatar zangon.