Tunatarwar da Ba Ta San Ranar da Ake Ciki Ba

Kowace safiya, tun kafin rana ta ɗaga, wayoyin ma'aikatan Kano kan cika da saƙonnin tunatarwa: hoton fure ko na masallacin Madina, jimla biyu a kan haƙuri, sai roƙon a tura wa mutum goma. Likita ya tura wa lauya, lauya ya jefa a zauren tsofaffin ɗalibai, daga nan saƙon ya gangara zauren dangi na WhatsApp, ya isa Lakwaya da Getso da Garo. Tunatarwa aba ce mai kyau, amma wannan iri tana da aibi guda mai girma, wato ba ta san ranar da aka aika ta ba. Saƙon da ya iso Lakwaya a tsakiyar Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa gero kuma bai nuna ba, shi ne zai sake isowa a Nuwamba ana sussuka. Mai yunwa da mai ƙoshi an ba su nasiha ɗaya, alamar cewa wanda ya rubuta bai dubi ko ɗayansu ba.

Akwai al'ummar da ta ɗauki wannan sha'ani da gaske, kuma ambaton sunanta kawai kan sa wasu su ɗaure fuska: Yahudawa. A 1923, a wani taro a birnin Biyana, wani malaminsu daga ƙasar Folan, Meir Shapiro, ya kawo shawarar kowa ya riƙa karanta warƙa ɗaya ta Talmud a kullum, warƙa guda ga duniya baki ɗaya. Warƙoƙin 2,711 ne, saukarsu kan ci shekara bakwai da kusan wata biyar. Ana kiran tsarin Daf Yomi, kuma bai yanke ba har yau. A Janairun 2020 dubun-dubatar mutane suka taru a wani filin wasa a Amurka domin bikin sauka ta goma sha uku. A 1943 kuma Menachem Mendel Schneerson ya tattara wani ɗan littafi mai suna HaYom Yom, inda kowace rana ta shekara take da guntuwar nasiharta da ta dace da watan da ake ciki da idin da ke tafe. Tsakanin idinsu na Fesak da na Shabu'ot suna ƙirga kwana 49 ɗaya bayan ɗaya, kowane dare a faɗi adadinsa, kuma asalin ƙirgan yana ɗaure da girbin sha'ir da na alkama. Abraham Joshua Heschel, a littafinsa na 1951 a kan ranar Asabar, ya tafi a kan cewa addininsu ya fi ƙoƙarin tsarkake lokaci a kan tsarkake wuri. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, aikin mutanensa ya gaskata cewa sun san kwanan wata.

Za a ce, me ya haɗa Musulmin Gwarzo da wannan, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa? Fushi a kan Gaza yana kan hanya, kuma babu abin da ke cikin wannan maganar da zai rage shi. Sai dai gwamnatin Isra'ila daban, tsarin karatun da aka ƙirƙiro shekara 25 kafin kafa ta daban. Wanda ya kasa rarrabe su ya bar fushi ya yi masa tunani. Ya kuma manta da abin da Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya iske Yahudawan Madina suna azumin Ashura domin tunawa da tsirar Annabi Musa, ya tambayi dalili, sannan ya azumci ranar ya kuma yi umarni da a azumce ta. An tambaya, an saurari amsa, an yanke hukunci. Ɗan bokon da ke jin kallon kalandar wasu zai ɓata masa imani ya ɗora wa kansa tsananin da sunna ba ta ɗora masa ba.

Abin takaicin ma shi ne Bahaushe bai buƙaci aron komai ba, domin kayan suna cikin ɗakinsa. Tsofaffin Lakwaya ba su kiran watanni da sunayen Larabci zalla. Muharram watan cika-ciki ne. Rajab watan azumin tsofaffi, Sha'aban na sha ruwan tsofaffi, Zulƙida watan bawa da ke tsakanin salloli biyu, Rabi'ul Awwal kuwa watan Mauludi da Takutaha, ranar da Kanawa ke hawa Dala. Kowane suna yana gaya wa mutum abin da ake yi a cikin watan da kuma wanda ake sa ran zai yi shi. Jikokinsu masu digiri, waɗanda gwamnati kan ba hutun sabuwar shekarar Musulunci, da yawansu sai sun duba waya kafin su faɗi watan da ake ciki.

A nan ne bambancin kalandun biyu yake da amfani. Shekarar Yahudawa ta wata ce, amma sau bakwai a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata guda domin idinsu ya tsaya a yanayinsa. Musulunci ya hana irin wannan ƙari. Suratut Tauba ta yi magana a kansa ƙarara. Saboda haka shekarar hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, kuma azumi yana zagaye dukkan yanayi a cikin kusan shekara 33. Sakamakon haka manomin Gwarzo da Kabo yana rayuwa da lissafi biyu a lokaci guda: wata domin ibada, ruwan sama domin abinci. A 2015 azumi ya kama a tsakiyar Yuni, ana shuka da noman farko, mutum na duƙe da fartanya bakinsa a bushe. A 2024 ya kama a Maris, cikin zafin bazara, gona ba aiki, matasa da dama suna can cin rani. Azumi ɗaya ne a hukunci, amma jarrabawar ba ɗaya ba ce, kuma nasihar da za ta amfani mai azumin farko ba ita ce za ta amfani na biyu ba. Bayahude yana iya rubuta nasihar idinsa sau ɗaya ta yi masa aiki kowace shekara, tun da idin ba ya barin yanayinsa. Musulmi ba shi da wannan sauƙi. Shi ne ya fi kowa buƙatar sabon rubutu duk shekara, shi ne kuma ya fi kowa dogara da kwafi.

Masu cewa ɗaura nasiha a kan damina da kaka baƙon abu ne a addini ba su leƙa littattafai ba. Ibn Rajab, wanda ya rasu a 1393, ya rubuta Laɗa'iful Ma'arif a kan ayyukan da suka dace da kowane wata, ya kuma keɓe babi ga yanayin shekarar rana, har da zafi da sanyi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano ya san cewa zakkar hatsi ba ta jiran shekara ta zagayo. Girbi ne ke wajabta ta, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka sha wahalar ban-ruwa. Ga darasin da ya kamata ya iso wayar manomin dawa a Nuwamba, da na mai lambu da injin ban-ruwa a Maris. Maimakon haka sai hoton fure.

Laifin ba na manomi ba ne, ba kuma na malamin zaure ba, wanda ko ba komai yana ganin fuskar almajiransa kafin ya buɗe baki. Laifin na masu ilimi biyu ne da suka bar ƙauye, suna da Larabci da boko da intanet, suka zaɓi zama 'yan aiken saƙon da wani ya tsara a wata ƙasa domin wasu mutane masu wani yanayi. Uzurin rashin lokaci ba ya karɓuwa daga wanda ke da sa'o'in gardamar siyasa a Facebook. Layi biyar ne ake nema a rana, da Hausa, a saman su kwanan watan hijira da na miladiyya, a ƙasa maganar da ta san ko yau ana jiran ruwa ne, ko ana biyan kuɗin makaranta, ko buhun taki ya fi ƙarfin mai gona.

Aikin ma yana da wa'adi. A 2030 azumi zai faɗo sau biyu a shekarar miladiyya guda, a Janairu da kuma Disamba, cikin hunturu. Bayan 'yan shekaru zai shiga kaka, inda buɗa-baki da sussuka da fitar da zakkar hatsi za su haɗu a mako ɗaya a Lakwaya, abin da matasan da ke riƙe da gonakin yanzu ba su taɓa gani da wayonsu ba.