Tukwicin kyautar fure shi ne a raya shi

A unguwannin Hausawan Legas, daga Agege zuwa Sabon Yaba da Idi-Araba, akan kai wa amarya, ko mai jego, ko wanda ya tare a sabon gida, kyautar tukunyar shuka mai furen ƙamshi, kamar yasmin ko lalle. Kyauta ce mai asali, domin ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a mayar da kyautar raihani, saboda rashin nauyinsa da daɗin ƙamshinsa. Abin takaicin shi ne, sau da yawa kafin amarya ta gama zagayen dangi ganyen ya yi rawaya ya zube, tukunyar kuma ta koma wurin ajiye tsintsiya.

Masu iya magana sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicin shuka kuwa shi ne a raya ta, wannan kuma yana buƙatar sani. Abin da ya fi kashe irin waɗannan furanni a Legas shi ne yawan ban-ruwa. Wanda ya taso a Kano ko Katsina, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, ya saba ganin fari a matsayin babban abokin gabar tsiro. Legas kuwa tana samun ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, in ban da ɗan sassauci a watan Agusta, iskarta kuma cike take da laima. Idan aka dinga kwarara wa tukunya ruwa safe da yamma, saiwar za ta rasa iska ta ruɓe, ganyen ya yi yaushi, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa.

Maganin ba shi da tsada. A huda gindin tukunya, a cuɗa ƙasar da yashi, kada a ba da ruwa sai an tsoma yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Lalle ɗan ƙasar zafi ne, yana son rana sosai da ruwa kaɗan. Yasmin ma ba ya yin fure a lungun ɗaki; sai ya sha rana ta wasu sa'o'i a bakin taga ko baranda yake sakin ƙamshinsa da almuru. Taki ba ya wahalar samu ga mazauna Agege, ga mayankar Oko-Oba kusa da su, amma sai wanda ya kwana biyu ya bushe, domin ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa.

Masu ƙorafin cewa tukwanen fure na tara sauro suna da hujja. Sai dai sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, don haka zubar da abin da ya taru a faranti ƙarƙashin tukunya ya wadatar. Masu cewa gidan haya ba shi da fili kuwa, tsohon bokitin fenti guda ya ishi yasmin.

Gwamnatin Legas ta ware 14 ga Yuli ta kowace shekara don dashen itatuwa, amma wannan biki ba ya shiga tsakar gidajen da iyali goma ke raba rijiya ɗaya. A can, tukunyar nan ce kaɗai koren abin da yaro zai ga yana girma, ya kuma koyi riƙon amana daga gare shi.

Akwai haƙƙi a kan mai bayarwa shi ma. Ya tambayi mai sayar da furen sunansa da yadda ake kula da shi, ya isar da bayanin tare da kyautar. Idan ya dawo ziyara bayan shekara ya tarar da ita ta yi rassa har an yanki reshe an dasa wa maƙwabciya, to ya karɓi tukwicinsa.